Ƙadangaren Goronyo Da Ke Zaune A Italiya

Duk wanda ya daɗe a nan Madina ya san dabbu, ƙadangaren sahara mai wutsiya da ƙaya, wanda mutanenmu kan kira damo. To, mai karatu, ko ka san cewa a ƙasar kakanninmu an taɓa yin wani ƙadangare da ya fi shi girma nesa ba kusa ba, kuma a cikin teku yake rayuwa?

Kimanin shekara miliyan 70 da suka wuce, wani teku ya ratso Sahara har ya rufe yankin Sakkwato na yau. A 1930 wani masani na Birtaniya, William Swinton, ya yi bayanin ƙasusuwan wata dabbar ruwa da aka samu a can. Daga baya masanan Italiya suka haƙo ƙoƙon kanta, kuma a 1972 Augusto Azzaroli da abokan aikinsa suka raɗa mata suna Goronyosaurus, wato ƙadangaren Goronyo.

A wurin masana, ƙoƙon kai shi ne takardar asali. Daga tsarin muƙamuƙi da haƙora da mahaɗar ƙasusuwa ake gane dangin dabba. Na Goronyo dogo ne siriri kamar na kada, amma ba kada ba ne. Yana cikin dangin ƙadangarun teku da ake kira mosasau, waɗanda har yau ake muhawara ko su guza ne 'yan'uwansu na kusa, ko kuwa macizai. Da yake ƙoƙon ya murƙushe cikin dutse, sai da Theagarten Soliar ya sake nazarinsa a 1988 ya gyara wasu kurakuran farko.

Abin da ya dame ni shi ne, wannan ƙoƙo yana birnin Fulorans na Italiya. Yaron Goronyo da ke son ganin dabbar da ke ɗauke da sunan garinsu sai ya nemi biza.

Mu dubi Saudiyya. A 2014 aka sanar da gano ƙasusuwan dinoso a arewa maso yammacin ƙasar nan, kusa da gabar Bahar Maliya, kuma hukumar binciken ƙasa ta Saudiyya na cikin aikin, kafaɗa da kafaɗa da baƙin masana. Haka ya kamata a yi.

Shawarata ita ce, gwamnatin Jihar Sakkwato da Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo su nemi a dawo da ƙoƙon, ko aƙalla a ƙera kwafinsa a ajiye inda 'yan makaranta za su gani, a kuma horar da 'ya'yanmu wannan fanni. Mu ma da Allah Ya zaunar a nan, masu gina masallatai da rijiyoyi a gida, ɗaukar nauyin karatun ɗalibi guda ba zai gagare mu ba. In ba haka ba, gobe ma baƙo ne zai zo ya haƙa, mu kuma mu karanta labarin a littafinsa.