Yaushe rabonki da dariya a gaban 'ya'yanki?

   

Yau da kaina zan fara, tunda an ce ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Wata Talata da yamma ina zaune a tsakar gida ina tsintar shinkafa, bakina bai huta ba. Ina lissafin kuɗin makaranta, ina mitar tsadar gawayi, ina faɗin yadda kwanon wake ya tashi. Ba da kowa nake ba, ni kaɗai nake ta sababi. Sai autata mai shekara bakwai ta zo ta tsuguna kusa da ni ta yi shiru. Can ta ce, "Umma, in na daina cin abincin rana, kuɗin zai isa?"

Saura kaɗan farantin ya suɓuce daga hannuna. Na jawo ta jikina ina lallashi ina tambaya, a nan na gano takalminta na makaranta ya yi mako biyu da tsinkewa. Yayarta ce ke ɗinke mata a ɓoye da zare da allura, ya sake tsinkewa ta sake ɗinkewa. Sun haɗa baki ba za su gaya min ba, wai kada su ƙara min damuwa. Daren nan barci ya ƙaurace min. Na yi ta tambayar kaina, yaushe rabon yaran nan da su ga haƙorina? Ashe mitar da nake zaton iska ke kwashewa, a zuciyar yarana take sauka.

Kada wata ta ce Anti ta zo ta ce mana babu wahala. Akwai ta, kowa ya shaida. Tun da aka cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayun 2023, litar da muke saye ƙasa da naira 200 ta yi ta hawa har ta haura naira 1,000 kafin ƙarshen 2024, ta kuma ja kuɗin mota da na masarufi ta tafi da su. Kafin nan mun sha ƙarancin takardun kuɗi a farkon 2023, lokacin da mace za ta wuni a layi don kuɗinta na kanta. Mun ga lokacin da afafata, shinkafar da a da ba a ko kallonta, ta zama abincin gidaje masu mutunci. 'Yan uwanmu na Maiduguri kuwa, a watan Satumban 2024 madatsar ruwa ta Alau ta ɓalle, dare ɗaya mata da yawa suka rasa gado da tukwane da duk abin da suka shekara suna tarawa. Wanda ya ce wa uwa ta manta da wannan bai yi mata adalci ba.

Tambayar da nake so mu yi wa kanmu ita ce: shin wahalar ce kaɗai ke faruwa a gidajenmu daga safe zuwa dare? Ko kuwa ita kaɗai muka saba ambata?

Ku dubi gaisuwarmu ta yau da kullum. A ce miki ya aiki, ki ce da godiya. A ce ya ruwa, ki ce ya yi gyara, ko da ɗakinki na yoyo. A ce ya sanyi ko ya zafi, ki ce lokacinsa ne. Kakanninmu da suka bar mana waɗannan amsoshi sun ga fari, sun ga yunwa, sun ga fara ta cinye gona. Duk da haka suka gina gaisuwarsu a kan godiya, domin sun san bakin da ya saba da kuka shi ke fara karya zuciyar mai shi. Mu kuma mun gaji kalmomin, amma sau da yawa a fatar baki suke tsayawa. Mu ce wa baƙo alhamdu lillahi a zaure, mu koma cikin gida mu juye wa yara ƙorafi.

Washegarin wancan dare na ce bari in gwada wani abu. Na ƙudurta cewa kafin rana ta faɗi sai na lura da abin daɗi uku, komai ƙanƙantarsu. Da farko abin ya zo min kamar wasan yara. Amma da na sa ido sai na ga ashe suna nan birjik. Ɗumamen tuwo da miyar kuka da ta kwana ta yi kauri, ga ɗan yaji a gefe. Ruwan randa da na kamfata da moɗa bayan na taso daga bakin murhu. Ihun yaran unguwa lokacin da aka kawo wuta, kai ka ce an yi musu albishir da kujerar Makka. Zogalen bayan ɗaki da ya yi sabon toho, na tsinka na yi mana kwaɗo da ƙuli-ƙuli ban kashe ko sisi a ganye ba. Sai kuma Inna, tsohuwar da muke katanga ɗaya, ta miƙo min langa da ɗan wake tana cewa, "Ungo 'yar nan, ki ba jikokina su taɓa." Na san ita ma ba wadata ce da ita ba. Duk waɗannan suna faruwa tun da can, idona ne ya rufe.

Daga nan na mayar da abin na gida gaba ɗaya. Bayan sallar isha'i, kafin a shimfiɗa tabarmar kwanciya, kowa sai ya faɗi abu ɗaya da ya faranta masa rai a ranar. Daren farko yaran kallon-kallo suka yi ta yi, sun ɗauka wani tarkon ne. Auta ce ta fasa shirun, ta ce malama ta sa an tafa mata a aji. Yayanta ya ce ya ci ƙwallo biyu a fili. Babbar ta yi murmushi ta ce ita nata shi ne yau Umma ba ta yi faɗa ba. Muka kwashe da dariya, ni kuwa dariyar da hawaye ta zo min. Yanzu in na manta su ke tuna min. Ta wannan zama na san sunayen ƙawayensu, na san darasin da ke ba su wuya, abubuwan da a da ba sa kawo min domin kullum fuskata a ɗaure take.

Maigida ma ya samu rabonsa. A da in ya shigo da 'yar ledar cefane, kafin ya ajiye na ce, "Shi ke nan?" Ban taɓa tunanin cewa wataƙila da ƙafa ya tako daga bakin titi don ya rage kuɗin adaidaita ba. Ranar da na karɓa na ce, "Sannu da ƙoƙari Abban yara, Allah Ya ƙara buɗi," tsayawa ya yi yana kallona kamar baƙuwa. Yaba kyauta tukwici. Ku kuma maza masu leƙo mana fili a ɓoye, mun san kuna nan: matar da ta juya kwano ɗaya ya ciyar da mutum takwas ta cancanci a ce mata sannu, kuma sannun ba ta da tsada.

Sai maganar wayar da ke hannunki yanzu. Na lura duk ranar da na daɗe ina kallon hotunan lefe da na sabon kicin a Instagram ko TikTok, ranar gidana ya fi yi min muni, alhali ba abin da ya canza a cikinsa. Babu mai ɗora hoton bashin da ake bin ta, ko daren da ta kwana tana kuka. Addininmu ya koya mana cewa a sha'anin duniya mu riƙa duban wanda muka fi, kada mu raina ni'imar da ke hannunmu. In kin duba na ƙasa da ke kuma, kada ki tsaya a "Allah na gode", ki miƙa masa ko da ludayin miya ne, kamar yadda Inna ta yi min.

Amma a kula, godiya ba ta hana neman haƙƙi. Matar da mijinta ke da hali ya ƙi ciyar da gida, ko ake dukanta, kada a rufe mata baki da sunan haƙuri. Ta kai maganar gaban manya. Godiya ba ta hana mu tambayi shugabanni abin da suka yi da amanar da muka ba su, ba ta kuma hana neman sana'a da zubin adashi. Haka nan in kin ga baƙin ciki ya zauna miki fiye da mako biyu, barci ya gagara, abinci ba ya shiga, abin da ke sa ki nishaɗi a da ya daina, musamman bayan haihuwa, to wannan na iya zama ciwon damuwa. Ciwo ne kamar kowane ciwo, ba raunin imani ba ne, kuma ana maganinsa a asibiti. Ki gaya wa wadda kika yarda da ita, ki je ki ga likita.

Takalmin auta dai mun kai wa mai gyara a bakin kasuwa ya ɗinke shi tsaf, sabo sai an yi albashi. Farashin wake bai sauko don na yi dariya ba. Sai dai jiya da fensirinta ya ɓata, da gudu ta zo ta gaya min, ba tare da ta tsaya karantar fuskata ba. Wannan shi ne abin daɗina na jiya.

Ke fa 'yar uwa, mene ne naki na yau? Ki rubuta mana a ƙasa, ko da shayi ne mai zafi da kika samu kika sha kafin yara su tashi. Wataƙila naki ne zai tuna wa wata nata. Sai mun haɗu a mako mai zuwa idan Allah Ya kai mu. Allah Ya shirya mana zuri'a, Ya sassauta mana, Ya sa mu cikin bayinSa masu godiya.