KADA A CIRE MATATAR ISKA

Jama'a, ga hunturu ya kama, ƙura ta tashi, motoci suna ta jigilar amfanin gona, masu lambu kuma sun ta da injinan ban-ruwa. Shi ya sa nake so in yi magana a kan wata al'ada wadda a ganina ɓarna ce. Idan matatar iska ta toshe, sai direba ko mai inji ya cire ta ya yar, ko ya huda ta da ƙusa, wai don inji ya sami ƙarfi.

Inji numfashi yake yi kamar ɗan Adam. Sa'ad da fistin ya yi ƙasa a zagayen shan iska sai ya zuƙo ta, ta bi ta matata, ta shiga kafireta ta gauraya da fetur, sa'an nan fulogi ya ba da wuta. Motocin zamani ba su da kafireta, wata na'ura ce ke auna iskar a ba da mai daidai da ita. Injin gas kuwa iska zalla yake zuƙa, ya matse ta har ta yi zafi, kana a fesa mai. Kafin lita 1 ta fetur ta ƙone sarai, tana bukatar iska wajen lita 9,000, wato cikin durom 45. To, ku dubi yawan ƙurar da ke cikin wannan iska a hanyar ƙauye ko a masussuka.

Cikin ƙura akwai ɓarɓashin yashi mai cin ƙarfe. In ya shiga sai ya haɗu da baƙin mai, ya riƙa goge zoben fistin da bangon silinda. Kafin a farga inji ya fara shan baƙin mai, yana shuɗin hayaƙi, ƙarfinsa ya ragu.

Masu wannan al'ada sukan ce toshasshiyar matata tana shaƙe inji. Gaskiya ne, amma cire ta gudun gara ne a faɗa gidan zago. Maganin dai tsabta ne. In ta soso ce, a wanke da sabulu, a shanya, a ɗan shafa mata baƙin mai. In ta tsohuwar tarakta ce mai kaskon mai, a zubar da tsohon, a wanke kaskon, a zuba sabo. Ta takarda kuwa ba a wanke ta da fetur. A kakkaɓe a hankali, in ta yage a sake wata.

Kai mai mota, kada ka bar wa direba wannan shi kaɗai. Ka sa a buɗe a gabanka kowane mako har damina ta faɗi, gama kuɗin matata bai kama ƙafar kuɗin sauke inji ba.