Ina Baƙon Kasuwa Zai Kwana?

A hunturun bara, da aka ba mu hutu na koma gida, wani ƙauye da ke kusa da Hunƙuyi a Ƙaramar Hukumar Kudan, sai na tarar kawuna bai daɗe da dawowa daga birnin Landan ba, inda aka tura shi wani ɗan gajeren kwas. Kullum bayan sallar isha'i sai zaurenmu ya cika da masu son jin labarin Ingila. Abin da ya fi tsaya mini a rai cikin hirar tasa kuwa shi ne labarin masaukinsa. Ya ce da yake guzurinsa ba mai yawa ba ne, bai doshi manyan otal-otal ba, sai ya sauka a wani ɗan gida a lungu kusa da tashar jirgin ƙasa ta Paddington, wanda wata tsohuwa da ɗanta ke riƙe da shi. Ɗakin da aka ba shi, saboda ƙanƙanta, in ya shimfiɗa abin salla ƙofa ba ta buɗuwa. Makewayi ɗaya ne tsakaninsa da baƙi uku, karin kumallo kuwa shayi ne da burodi da ƙwai, yau da gobe. Amma ya ce tsohuwar nan ita ta rubuta sunansa da ƙasarsa a littafi ranar da ya sauka, ita ta nuna masa motar da zai riƙa hawa, ta kwatanta masa titin da Larabawa ke sayar da naman halal, da mura ta kama shi kuma ta ƙara masa bargo ba tare da ya roƙa ba.

Can sai wani dattijo da ya yi fataucin goro a ƙuruciyarsa ya gyara zama ya ce, "Ɗana, ai gidan fatoma ka sauka." Samarin da ke wurin suka yi ta kallon juna, domin babu wanda ya taɓa jin wannan kalma a cikinsu. Ni ma ɗalibin Hausa, sai da na yi ɗan tunani kafin na tuna inda na gamu da ita.

Bayan kwana biyu, na fita da asuba zan bi hanyar Maƙarfi, sai na ga mutum huɗu kwance a ƙarƙashin wata babbar mota da aka fara yi wa lodin rake, sun lulluɓa da buhuna, sanyi kuwa kamar ya tsaga dutse. Masu sarin rake ne daga nesa, dare ya yi musu, kowannensu da kuɗi a jikinsa, amma babu inda za su sa haƙarƙarinsu. Tun daga ran nan nake tambayar kaina, yaya aka yi baƙon da ya je Landan da ɗan guzuri ya sami wurin kwana mai mutunci, alhali baƙon da ya kawo mana ciniki har ƙofar gida yana kwana a ƙarƙashin mota? Ra'ayina, wanda nake son in gabatar wa malamaina da 'yan'uwana ɗalibai, shi ne cewa ƙaramin masauki mai arha wanda ake biya tsohuwar sana'ar Bahaushe ce da muka yi sakaci da ita, kuma garuruwan kasuwa irin su Ikara da Maƙarfi da Kudan suna bukatar a farfaɗo da ita.

Wane ne fatoma?

Duk wanda ya karanci tarihin fatauci ya san cewa ayarin da ke tashi daga Kano zuwa Gwanja sayen goro yakan shafe watanni a hanya, madugu na shugabanta, jagaba na gaba. Irin wannan tafiya ba ta yiwuwa sai da zango, zango kuwa ba ya tsayuwa sai da mai saukar baƙi. Wannan mutum shi ake kira fatoma, a wasu wuraren kuma a ce maigida. Shi ke ba falke ɗaki da abinci, ya adana masa kaya, ya haɗa shi da dillali, ya yi masa tafinta in ba ya jin harshen garin, sa'an nan ya tsaya masa in rigima ta taso. Paul Lovejoy ya yi bayanin wannan fatauci na Agalawa da Tokarawa da Kambarin Barebari a littafinsa na 1980 a kan ayarin goro, haka kuma Mahdi Adamu a littafinsa na 1978 a kan tasirin Hausawa cikin tarihin Afirka ta Yamma. Daga irin waɗannan masaukai ne unguwannin zango suka tsiro a Salaga da Kumasi da Ankara, har aka sami sarautar Sarkin Zango.

Misalin da aka fi yi wa nazari shi ne na unguwar Sabo ta Ibadan, wadda aka keɓe wa Hausawa a 1916. Abner Cohen, wanda littafinsa ya fito a 1969, ya nuna yadda masu gidajen Sabo ke saukar da fataken shanu da na goro, da yadda maigida ke lamunce wa baƙonsa kuɗin shanun da aka sayar wa mahauta bashi, watau in mahauci ya ƙi biya, maigida ne zai biya. Ladansa kuwa daga la'adar ciniki yake fitowa. Ashe ke nan maigida ba sadaka yake yi ba. Sana'a ce da ake ci da ita, ake gina gidaje da ita, kuma jarinta amana. Ran da aka ji kayan baƙo sun salwanta a hannun wani maigida, to, ran nan kasuwarsa ta mutu, domin labari zai riga shi isa Kano.

Ƙasarmu ta arewacin Zazzau tana kan wannan hanya tun da can, tsakanin Zariya da Kano. Da jirgin ƙasa ya isa Kano a 1911, ta nan dogo ya ratsa, yau kuma babban titi ya bi ta Tashar Yari. Rake da mazarƙwaila na fadamun Maƙarfi da Kudan, da tumatir da barkono da masara na ƙasar Ikara, duk baƙi ke zuwa sayensu. Saboda haka tambayar inda baƙo zai kwana ta shafi abincinmu kai tsaye.

Yadda zaure ya rufe

Da can amsar tambayar mai sauƙi ce. Baƙo ya yi sallama a ƙofar mai unguwa ko dagaci, a sa yaro ya kai shi zauren wani mai hali, a kawo masa ruwa da fura, da dare a fito da tuwo. Addini ya ƙarfafa wannan, domin ya ba baƙo haƙƙin liyafa na kwana uku, ya kuma sa matafiyin da guzurinsa ya yanke cikin mutum takwas da ake ba zakka. Amma mai karatu ya dubi gidajen da ake ginawa yanzu a Maƙarfi ko Ikara. Katanga ce ta bulo da ƙyauren ƙarfe, babu zaure, inda kuma tsohon zauren ya rage an fasa shi an mai da shi shago. Bugu da ƙari, rashin tsaron da ya addabi sassan Jihar Kaduna a shekarun nan ya sa mutane na tsoron baƙuwar fuska, har wasu masallatan ma ana kulle su bayan isha'i. Ba na ganin laifin kowa a nan, domin wanda ya ji an sace maƙwabcinsa ba zai buɗe wa wanda bai sani ba ƙofa da tsakar dare. Sai dai sakamakon shi ne zaure ya rufe, ba a kuma buɗe wani abu a madadinsa ba.

Wani zai ce ai ga otal. To, a nan ne harshe ya shigo cikin maganar, abin da ya shafe mu mu ɗaliban Hausa. Kalmar otal ta shigo mana ne tare da bariki, ta zauna a Sabon Gari, ta yi maƙwabtaka da giya da caca da karuwanci, har ta kai in aka ce an ga wane yana fitowa daga otal, to, an ɓata masa suna ke nan. Zama da maɗaukin kanwa, in ji masu iya magana, shi ke kawo farin kai. Don haka dattijon kirki mai sarin mazarƙwaila ya gwammace ya kwana a rumfar kasuwa da a gan shi a irin wannan wuri, mai kuɗin garin kuma ya gwammace ya gina shaguna da a ce masa mai otal. Kalmar fatoma, wadda ke ɗauke da mutunci, mun bar ta a cikin ƙamus, wadda ke ɗauke da zargi kuwa ita muka riƙe.

Abin dubawa a masaukin Landan

Kada a ɗauka ina cewa Turawa sun fi mu son baƙo. Tarihi bai nuna haka ba. Ɗaliban Afirka da suka je Landan karatu a farkon ƙarnin da ya wuce sun sha wulaƙanci a hannun masu ba da hayar ɗaki saboda launin fatarsu, wannan na cikin dalilan da suka sa Ƙungiyar Ɗaliban Afirka ta Yamma, wadda Ladipo Solanke ya jagoranci kafawa a 1925, ta buɗe masaukinta na kanta a unguwar Camden a 1933. Sai a 1965 majalisar Ingila ta yi dokar hana wariyar launi a wuraren jama'a irin su otal-otal da gidajen abinci, a 1968 kuma ta faɗaɗa ta zuwa gidajen haya da wuraren aiki. Har ila yau akwai dokar 1972 da ta wajabta wa duk mai masauki ya rubuta cikakken sunan baƙon da ya kai shekara 16 da ƙasarsa, ya kuma adana rubutun na aƙalla wata 12. Littafin da tsohuwar nan ta buɗe wa kawuna ke nan.

Darasin da na ɗauka shi ne, da suka ga kirkin mutum ɗaya ba abin dogaro ba ne, sai suka ɗaure shi da ƙa'ida. Baƙo ya san abin da zai biya tun kafin ya ajiye jaka, mai gida ya san wanda ya kwana a gidansa, hukuma kuma ta san wanda za ta tambaya in wani abu ya faru. Mu kuwa muna da abin da su ba su da shi, watau maigidan da ke tsaya wa baƙonsa a kasuwa har ya lamunce masa bashi. Tsohuwar Paddington ta ba kawuna bargo, amma da ciniki ya kai shi, ba za ta bi shi kasuwa ba. In aka haɗa amanar fatoma da littafin rajista, za a sami masaukin da ya dace da zamaninmu.

Masu ja da wannan ra'ayi

Na san akwai waɗanda za su ce karɓar kuɗi daga hannun baƙo abin kunya ne, kuma zai kashe ɗan abin da ya rage na karamci. Wannan magana tana da nauyi, ban raina ta ba. Amma ya kamata a bambance baƙon zumunci da baƙon ciniki. Ɗan'uwanka ko abokin mahaifinka, har gobe gidanka ne masaukinsa. Wanda ya zo da kuɗin lodin mota guda na rake kuwa ba sadaka yake nema ba, ƙofa mai sakata yake nema da wurin alwala. Kakanninmu sun san wannan bambanci, shi ya sa suka halatta wa maigida la'adarsa. Wanda kuma guzurinsa ya yanke, babu abin da zai hana a ware masa zaure guda kyauta a cikin masaukin, masu hali su ɗauki nauyinsa a matsayin waƙafi.

Wasu kuma za su ce masauki matattarar ɓarayi ce da 'yan leƙen asirin masu satar mutane. Ni a ganina akasin haka ne. Baƙon da ya kwana a tasha, babu wanda ya san sunansa, ko inda ya fito, ko lokacin da ya tashi. Wanda ya sauka a gidan da ake rubuta suna, ake duba katin shaida, mai unguwa kuma ya san mai gidan, shi ne baƙon da gari ya sani. Baƙo raɓa ne, amma gara a san ganyen da ya sauka a kai.

Shawara

Ina ba da shawara ga ƙananan hukumomin Ikara da Maƙarfi da Kudan su ware fili kusa da manyan kasuwanninsu, su ba ƙungiyoyin manoman rake da na direbobi da na 'yan kasuwa damar gina ƙananan masaukai, ɗaki goma ko goma sha biyu, da rijiya da makewayi mai tsabta da ɗakin ajiyar kaya. A damƙa kowanne a hannun dattijon da hakimi da jama'a suka shaida, a rubuta kuɗin kwana a bango yadda kowa zai gani, a hana giya da caca, a kuma keɓe sashen mata ƙarƙashin wata dattijuwa, domin mata masu fatauci da iyayen da ke zuwa duba 'ya'yansu a kwalejin koyon aikin lafiya ta Maƙarfi sun fi kowa shan wahalar rashin masauki. Sa'an nan kada a rubuta otal a ƙofar. A rubuta gidan fatoma, ko masaukin baƙi, domin suna linzami ne.

Mu kuma ɗaliban wannan sashe, akwai namu aikin. Dattawan da suka san zango da fatoma da idonsu saura kaɗan. Ya kamata wasunmu su ɗauki wannan fanni a kundin digirinsu, su shiga ƙauyuka su tattaro kalmomin sana'ar da ƙa'idojinta da labaranta tun masu su na raye. Dattijon zaurenmu ya yi mini alkawarin hira in na koma hutu, na kuwa sayi littafin da zan rubuta a ciki. Allah ya ba shi tsawon rai, ya kuma sa mu dace, amin.