Kafin Mu Ce "A Kashe Su Kawai": Magana Kan Wanda Ake Zargi Da Ƙwacen Mota



Duk ranar da 'yan sanda suka yi holen matasan da ake zargi da ƙwacen mota, aka zaunar da su a ƙasa ga bindiga ƙirar gida da makullan motoci a gabansu, ku leƙa wajen sharhi ku sha kallo. "A kashe su kawai." "Kai su kotu ɓata lokaci ne." Wani ma har lauyan da zai tsaya musu yake tsine wa, wai da shi ake raba ganima.

Wallahi na fahimci zafin. Ma'aikaci irina ya shekara biyar yana zubin adashi, ko ya ci bashin da ake yanka daga albashi, ya sayi 'yar Corolla ɗinsa, rana ɗaya wani ya ɗora masa bindiga a ƙofar gida a gaban 'ya'yansa ya tafi da ita. Babu mai hankalin da zai ce a shafa wa wanda ya yi wannan kai. To amma ra'ayina shi ne, girman laifin nan shi ne ma dalilin da ya sa dole a bar wanda ake zargi ya kare kansa yadda ya kamata, da lauyan da ya san aikinsa. Ku ba ni aron kunnuwanku in faɗi hujjata.

Da yawanmu ba mu san abin da doka ta tanada ba. A ƙasar nan, ƙwace mota da ƙarfi fashi ne, kuma akwai dokar fashi da makami da muka gada tun zamanin soja, ta 1984. Idan babu makami, mafi ƙarancin hukunci shekara 21 ne. Idan da makami, ko kana tare da mai makami ko da kai hannunka rabbana, ko aka ji wa wani rauni, hukuncin kisa ne, kuma alƙali ba shi da ikon sassautawa. Wanda ya karɓi kayan fashin yana sane, wato ɓarawon zaune, ɗaurin rai da rai ne. Dokar ba ta duba tsadar abin da aka ɗauka. Kun tuna matashin nan na jihar Osun da aka kama a 2010, aka yanke masa hukuncin kisa a 2014 kan fashin kaji, sai a Disambar 2024 Gwamna Ademola Adeleke ya yi masa afuwa. In kaza ta kai mutum bakin igiya, ina ga mota?

Hukuncin da ba a gyara shi bayan an zartar, ai hujjarsa sai ta zama mai ƙarfi ƙwarai. Shi ya sa sashe na 36 na Kundin Tsarin Mulkin 1999 ya ce mutum ba shi da laifi har sai an tabbatar, kuma nauyin tabbatarwar yana kan mai gabatar da ƙara. Abu uku zai nuna wa kotu ba tare da kokwanto ba: an yi fashi, an yi shi da makami, kuma wannan mutumin da ke tsaye yana cikin waɗanda suka yi. Na farko da na biyu ba su cika wuya ba. Rigimar duk tana kan na ukun, kuma yawanci hujja iri uku ake kawowa a kansa.

Ta farko, shaidar mai motar cewa "shi ne". Mai mota ba maƙaryaci ba ne, amma ku duba halin da ya ga fuskar: da daddare, cikin firgici, idonsa na kan bakin bindiga, komai ya ƙare cikin minti ɗaya ko biyu. Bayan wata biyu a kira shi ofishin 'yan sanda, a fito masa da mutum ɗaya da ankwa a hannu a ce "wannan ne ko?" Me kuke tsammani zai ce? Ƙa'ida ita ce, idan bai san mutumin ba a da, kuma ba a wurin aka kama shi ba, a jera wanda ake zargi cikin mutane masu kama da shi, mai motar ya zaɓo da kansa ba tare da an nuna masa ba. Balle kuma in an riga an yaɗa fuskar yaron a talabijin da Facebook kafin nan. Jihar Legas ta hana holen waɗanda ake zargi a gaban 'yan jarida tun 2021, kuma a ganina sauran jihohi su ma su bi sahu.

Ta biyu, takardar amsa laifi. Kowa ya san abin da ake nufi da "ya amsa da bakinsa" a wasu wuraren. Dokar shaida ta 2011 ta ce kotu ba za ta karɓi amsa laifin da aka samo ta hanyar azabtarwa ba. Dokar gudanar da shari'ar laifuka ta 2015 ta tanadi a ɗauki bayanin a bidiyo, ko a gaban lauyan mutum, kuma jihohi sun yi irin tata, ta Kano ta fito a 2019. Dokar hana azabtarwa ta 2017 kuma ta mayar da dukan wanda ke tsare laifi mai zaman kansa. Sai dai fa akwai lokacin magana: a daidai lokacin da mai gabatar da ƙara ya miƙa takardar ne lauya zai miƙe ya ce da duka aka samo ta, sai a tsaya a yi 'yar ƙaramar shari'a a kan takardar kanta. In wannan gaɓar ta wuce babu wanda ya ce uffan, gyara ya yi wuya. Bakaniken da bai gama firamare ba, a ina zai san wannan in ba shi da lauya?

Ta uku, an ga motar a hannunsa. Nan fa nake so abokaina ma'aikata su buɗe kunne, don wannan ta shafe mu kai tsaye. Sashe na 167 na dokar shaida ya ba kotu damar ɗauka cewa wanda aka samu da kayan sata jim kaɗan bayan satar, ko dai shi ne ɓarawon ko ya karɓa yana sane, sai in ya iya bayanin yadda kayan suka zo hannunsa. Mu nawa ne muke iya sayen mota sabuwa fil? Duk ta hannu muke saye, ta hanyar dillali, wani lokaci a bakin titi bayan sallar Magariba, a ƙirga kuɗi a jakar leda, a ce takardu sai gobe. Motar da aka ƙwace a Abuja tana iya kwana a Kano ko Sakkwato da sabon fenti da sabuwar lamba. Ranar da na'urar bin sawu ta kawo 'yan sanda ƙofar gidanka, dillalin ya kashe waya, kai ne za ka yi bayani. Haka mai fenti, haka bakanike, haka direban da aka ba dubu ashirin ya kai mota wani gari.

Don haka, araha ba ta ado. In za ka sayi mota, biya ta banki zuwa asusun mai sunan da ke kan takardu. A rubuta yarjejeniya da shaidu, ka ɗauki hoton katin shaidar mai sayarwa, ka duba lambar inji da ta shasi su dace da abin da ke takarda, ka tantance takardar kwastam, ka yi canjin suna a hukumance. Waɗannan takardun su ne lauyanka na farko.

In kuma ƙaddara ta faɗa wa wani naka, ga abin da ya kamata dangi su sani. Sashe na 35 na Tsarin Mulki ya ba shi damar yin shiru har sai ya ga lauya, kada ya sa hannu a takardar da bai karanta ba ko ba a fassara masa ba. In ba ya wurin a lokacin da aka yi fashin, ya faɗa tun a bayaninsa na farko: yana ina, da wa, ƙarfe nawa. Idan ya bayar da cikakken bayani, wajibin 'yan sanda ne su bincika, amma in ya bari sai a kotu, alƙali zai ɗauka ƙirƙira ya yi. Ku yi maza ku adana rajistar wurin aiki, rasit ɗin POS, takardar fasinjojin tasha da sunayen waɗanda suka gan shi. Doka ta hana kama uwa ko mata ko ƙane a madadin wanda ake nema. Kuɗin da za ku kai wa masu cewa "za mu kashe maganar", ku ba lauya. In babu hali, akwai hukumar ba da tallafin shari'a ta ƙasa da aka kafa tun 1976, kuma a laifin da hukuncinsa kisa ne, dole kotu ta sama wa mutum lauya in ba shi da shi.

Inda ya fi ci mini tuwo a ƙwarya, a matsayina na wanda ya san yadda fayil ke barci a kan tebur, shi ne jiran shari'a. Kotun majistare ba ta da hurumin sauraron fashi da makami, sai dai ta tura mutum gidan gyaran hali a jira shawarar ma'aikatar shari'a, beli kuma sai babbar kotu, shi ma da ƙyar. Dokar tarayya ta 2015 ta ce a bayar da shawarar cikin kwana 14 da karɓar fayil. A aikace fa? Mafi yawan waɗanda ke gidajen gyaran halinmu jiran shari'a suke yi. Mu ma'aikata mu ji tsoron Allah: fayil ɗin da muka ce "a dawo mako mai zuwa", wani yana can yana ƙirga kwanaki a kansa.

Na san wani zai ce ai da irin wannan ne ɓarayi ke kuɓuta. Gaskiya ne wani mai laifin yakan sha, amma in ka bibiya, binciken ne aka yi shi sakaka. Maganinsa a gyara bincike. Kuma ku tuna, in aka rataye wanda bai ji ba bai gani ba, an rufe fayil, ainihin ɗan fashin yana nan yana jiran motarka. Mu da muka zubar da hawaye kan mafarauta 16 da aka kashe a Uromi a watan Maris na 2025 bisa zargi kawai, bai kamata a ji "a kashe su kawai" daga bakinmu ba.

Wanda kotu ta tabbatar ya yi, doka ta yi aikinta a kansa, ba ni da ta cewa. Kafin nan, a bar shi ya yi magana.

Lauyoyin da ke cikinmu, bismillah, ku ƙara mana haske a ƙasa. Allah Ya tsare mu da dukiyoyinmu, Ya kare mu daga sharrin da ba mu ji ba ba mu gani ba. Amin.