Naƙuda ba ta jiran maigida

Ƴan kasuwa da ma'aikata, da ku muke. Mun san farashin gero da ranar albashi, amma alamun naƙuda sai mu ce sha'anin mata ne, alhali izinin fita da kuɗin mota suna hannunmu.

Manyan alamun uku ne: ciwon mara da baya mai zuwa yana lafawa, yana ƙara ƙarfi da saurin dawowa; fitar majina da ɗan jini; fashewar faya. Kowace ta bayyana, a kai mace gidan likita. Zubar jini kuwa, jijjiga, matsanancin ciwon kai ko ɗa ya bar motsi, ba su jiran wayewar gari.

Kunyar haihuwar fari takan rufe bakin yarinya har naƙuda ta kwana ta wuni. Irin wannan jinkiri ke kawo yoyon fitsari, cutar da aka buɗe cibiyar Danja, kusa da Maraɗi, dominta a 2012. A 2005 gwamnati ta yafe kuɗin fiɗar haihuwa, amma doka ba ta ɗaukar mace daga ɗaki.

Kafin ka tafi Kwatano ko rangadi, bar izini, bar kuɗi, ka shirya da mai mota. Ba a fafe gora ranar tafiya.