Tabarmar Kakata

  Wannan mako na yi niyyar mu yi zancen ɗinkin rigunan yara, amma sai wani abu ya sha gabana. Shekaranjiya ina kakkaɓe ɗaki na ci karo da wata tsohuwar tabarmar kaba a bayan akwati, duk gefenta ya zare. Da na ɗaga ta sai hawaye ya zubo mini, domin tabarmar kakata ce, wadda muke kira Iya. Allah ya jiƙanta, ya sa ta huta.

Iya mutumiyar Birnin Gwari ce, can aka haife ta, can kuma aka rufe ta. Ba ta yi karatun boko ba, ko sunanta ba ta iya rubutawa. Amma ni da na yi shekara uku a makarantar horon malamai, har yau ban ga malamar da ta fi ta iya riƙe hankalin yara ba.

Kullum in an idar da sallar lisha, sai ta jawo tabarman nan ta shimfiɗa a tsakar gida. Ba ta kiran kowa. Da mun ji ƙarar shimfiɗawa sai mu taru, da mu jikokinta, da matan gidan, har da 'ya'yan maƙwabta. Ni takan ce mini, "Kishiya, matso nan kusa, in ga abin da kika dafa wa mijina yau." Sai a yi ta dariya. Daga nan a shiga tatsuniyar Gizo da Ƙoƙi, ko kacici-kacici. Ba kuwa a zama hannu sake. Wannan tana ɓarar gyaɗa, waccan tana gyaran wake, ita kuwa Iya tana kaɗi da mazarinta.

A kan tabarman nan na san dangina. Iya za ta lissafa mana wane ya haifi wane, wa ya auri wa, wace ce aka kai Kuyello, wane ne ya koma Dogon Dawa da noma. A nan kuma ake kashe ƙananan rigingimun gida. In mata biyu sun yi cacar baki da rana, da dare Iya za ta kawo labarin wasu kishiyoyi na zamanin da, ba ta ambaci sunan kowa ba, amma kowace ta san inda aka dosa. Kafin gari ya waye an shirya.

Ta san daji kamar tafin hannunta. Ku da ba ku san ƙasarmu ba, kusa da mu akwai dajin Kamuku, wanda aka keɓe shi gandun daji na En'e tun 1936, a 1999 kuma Gwamnatin Tarayya ta mai da shi gandun daji na ƙasa. Iya ta ce suna 'yan mata sukan fita da asuba ƙungiya guda zuwa gefen daji, ba abin da suke tsoro sai maciji. Da farkon damina su tsinto kaɗanya, da bazara su samo ɗorawa. Daga bakinta na ji yadda ake daddawa: a dafa kalwa har ta yi laushi, a surfe ta, a wanke ɓawon ya fita, a sāke dafawa, sa'an nan a rufe ta da ganye kwana biyu ko uku har ta ruɓa, kana a kirɓa a yi ƙwallaye a shanya. Ta faɗa mini na man kaɗe ma, amma na manta rabinsa, domin a lokacin ina ganin Iya tana nan, ko yaushe na so sai in sāke tambaya.

To, ga inda maganar take. Kowa ya san masifar da ta auka wa ƙasar Birnin Gwari. 'Yan bindiga suka mamaye dajin nan da Iya take tsintar kaɗanya. A watan Mayu na 2018 aka kai hari Gwaska, aka kashe mutane masu yawa. Hanyar da ta tashi daga Kaduna ta bi ta Buruku da Udawa ta zama sai da rakiyar jami'an tsaro, wani lokaci ma ba ta biyuwa sam. Babanmu ya kwashe mu muka dawo Kaduna. Aka yi juyin duniyan nan da Iya ta biyo mu, ta ƙi. Ta ce inda aka binne mijinta nan za a binne ta.

Ba zan ɗora wa hanya laifin duka ba, 'yan'uwa, gaskiya ɗaya ce. Akwai lokutan da hanya ta yi sauƙi, kawuna ya je ya dawo lafiya, ni kuwa na ce sai hutu mai zuwa. Akwai ranakun da za a buga waya a ce ga Iya tana son magana da kishiyarta, in ce a gaya mata ina karatun jarrabawa, zan kira gobe. Goben nan ta yi yawa.

A ƙarshen watan Satumba na 2021 aka katse layin waya a wasu sassan Jihar Kaduna saboda sha'anin tsaro, har da Birnin Gwari, ba a maido ba sai wajen ƙarshen Nuwamba. Cikin wannan tsakani Iya ta kwanta ciwo, Allah ya karɓi abinsa. Ba mu ji ba sai bayan kwana uku, wani direba ya kawo saƙo. An riga an yi jana'iza, an yi sadakar uku. Da na sani ƙeya ce, a baya take.

A watan Nuwamba na 2024, bayan sulhun da aka yi, Gwamna Uba Sani ya je ya buɗe kasuwar shanu ta Birnin Gwari wadda ta yi shekaru a rufe, motoci suka soma bin hanya. Bayan haka na samu na je. Na tarar da ɗakinta an mai da shi wurin ajiyar hatsi. Matar kawuna ta miƙo mini tabarman nan, ta ce Iya ta ce a ajiye wa kishiyarta.

Abin da ya sa na kawo muku wannan labari, na lura a gidajenmu da yawa yanzu, ko inda babu 'yan bindiga, an naɗe tabarmar tsakar gida. Da an ci tuwo, uwa ta kama wayarta, 'ya ta kama tata, yara suna gaban talabijin, tsohuwa tana can ɗaki ita kaɗai da carbinta. Ana gida ɗaya, amma kowa da garinsa. Mu daji ya raba mu da kakarmu. Ku mene ne ya raba ku da taku?

Uwargida, ga shawarata. Ki keɓe ko da rabin sa'a bayan lisha, ki shimfiɗa tabarma, a ajiye waya a ɗaki. Ki kira surukarki ko mahaifiyarki ta fito ta zauna cikin jikokinta. In tsohuwa tana wani gari, ki roƙi maigida ya kai ku ko da sau ɗaya a shekara, in hanya tana da lafiya. Zumunta a ƙafa take.

Ku kuma 'yan makaranta, kowace ta sami ɗan littafin rubutu guda. In kin je hutu ki zauna gaban kakarki, ki tambaye ta sunayen kakanninta, da garin da suka fito, da yadda ake daddawa da man kaɗe, da tatsuniyoyin da ta sani, ki rubuta. Kada ki raina ta don ba ta san boko ba. Nawa 'yan ajin na sa su wannan aiki a hutun da ya wuce, wata yarinya ta dawo da tatsuniya bakwai da ban taɓa ji ba.

Wadda kakarta ta riga mu gidan gaskiya, ta sa ta cikin addu'a. Wadda tata ke da rai, ta je ta gaishe ta yau, kada ta ce gobe. Allah ya jiƙan magabatanmu, ya zaunar da ƙasarmu lafiya, amin. Zancen ɗinki sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.