Mata Ma Suna Da Rabo A Harkar Manyan Motoci

'Yan'uwana mata, duk wadda ta bi hanyar Malumfashi zuwa Funtuwa da kaka ta ga tireloli suna ɗibar masara da dawa da auduga zuwa Kano da Legas. Mu muke sussuka, mu muke sheƙa, amma da zarar hatsi ya hau mota sai mu koma 'yan kallo.

Ran nan na tambayi 'yan matan aji shida a nan Matazu aikin da suke so. Kowace ta ce malama ko nas. Da na ce direba fa, sai aji ya fashe da dariya. To, ina abin dariya? Ko Saudiyya ma tun 2018 ta ba mata izinin tuƙi. Ga kuma makarantar koyon harkar sufuri ta NITT a Zariya tun 1986, kusa da mu.

Na san abin da iyaye za su ce, kuma da gaskiyarsu. Ba uban da zai so 'yarsa ta kwana a tashar Tafa ba muharrami. Ni ma ba na so. Amma ai harkar mota ba tuƙi kaɗai ba ce. Mai tirela yana bukatar akawun da zai rubuta lodi, ya yi lissafin kuɗin mai da na taya. Yarinyar da ta iya lissafi za ta yi wannan, ta kwana a gida.

Ku kuwa matan aure, kuɗin adashin nan da ke ƙarewa wajen kayan jere, in ku goma kuka haɗa, sai ku ɗauki shatar mota, ku wakilta amintacce ya kai muku hatsi kasuwar Dawanau.